Burodi Biyu a Teburin Baba

Ni da aka haifa a saman gidan burodi, yau ga ni ina tsoron fulawa kamar yadda wasu ke tsoron maciji. In na hango farin gari a hannun rigar mutum, sai in ja 'yata baya tun kafin mu gaisa. Ana cewa na cika tsirfa. Su yi ta faɗa, bakinsu ne. Ba su ne suka riƙe ta a gadon asibiti ba.

Ɗigo muke ce mata, saboda ƙanƙantarta. Tun da aka yaye ta take ramewa, ciki a kumbure, ƙafafu kamar tsinke, gudawa ba ta ɗaukewa. Mun yi yawon asibiti har masu gadi suka san mu, kafin wata likita ta gano matsalar. Ta ce akwai wani sinadari a cikin alkama da ake kira gulutin, shi ke cinye hanjin yarinyar. Babu ƙwaya, babu allura. Maganin kawai shi ne kada alkama ta ƙara shiga bakinta har abada. Na ce, "Ko kaɗan, likita?" Ta ce, "Ko ɓurɓushi."

Bara na tabbatar ba wasa take yi ba. Ana gab da bikin shekara, wata ƙawarta a makaranta ta gutsura mata biskit. Biskit fa, ɗan gutsure! Ɗigo ta yi ta amai har wuyanta ya kasa ɗaukar kanta. Nas ta nemi jijiyar da za ta sa ƙarin ruwa a hannun dama ta rasa, ta koma hagu ta rasa, sai a ƙafa aka samu. Yarinyar ko kuka ta kasa yi, ido kawai take bina da shi. Da za a sallame mu likita ta ja ni gefe ta ce hanjin bai gama warkewa ba, kuma jikin ba shi da ƙarfin da zai jure irin wannan sau biyu. A asibiti muka yi bikin bara.

To, bana sai ga Baba ya dame ni da waya. "Yaushe za ki kawo min amaryata?" Haka yake tsokanar Ɗigo, ita kuma ta ce ba ta son tsoho mai haƙori uku. Yana kira da safe, ya manta ya kira, ya sake kira da rana. Mantuwa ta kama Baba tun bayan da ya rufe gidan burodinsa. Yaya, babbarmu, ita ke zaune da shi. Ta ce min a waya, "Auta, ki zo. Jiya sai da ya tambaye ni ko ni 'yar wace ce. Ban san ko baɗi zai gane ko ɗayanmu ba."

Abu ɗaya ne Baba bai taɓa mantawa ba. Ranar biki yakan gasa dogon burodi guda ɗaya da hannunsa, ya tsaga samansa sau uku da wuƙa. Kafin kowa ya taɓa abinci, sai ya gutsuro gefen ya sa wa mafi ƙanƙanta a gidan a baki. Ni ce autarsa, ni na sha cin gefen nan har na yi aure. Yanzu kuwa mafi ƙanƙanta a jikokinsa ita ce Ɗigo.

Na ce wa Yaya zan zo, amma da sharaɗi: ni zan dafa komai. Nan fa aka fara. Miyar da Yaya ke kaurarawa da fulawa na ce da garin masara za a yi. Kazar da ake birkiɗawa a fulawa kafin a soya, na ce gasa ta za a yi haka nan. Kek na garin shinkafa ne. Hatta dunƙulen ɗanɗano sai da na tsaya a kanti ina karanta ƙananan rubutun jikin kwali har mai kantin ya ɗauka sata zan yi. Tukwanena, cokulana, katakon yankana, duk na ce da su zan taho.

Yaya ta ce, "Haba Auta! Cokali ɗaya na fulawa a tukunya guda, me zai yi?"

Na ce, "Yaya, cokali ɗaya na maganin ɓera a tukunya guda, me zai yi?"

Ta ce bakina ba shi da linzami, ta kashe waya. Da yamma ta kira ta ce ta kyautar da buhun fulawar gidan gaba ɗaya, ta wanke kicin har bango. Yaya ke nan, sai ta gama ɓata maka rai sannan ta yi maka abin da kake so.

Burodin ne ya ba ni wahala. Garin shinkafa ba ya jin magana. Na farko da na gasa, Baban Ɗigo ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce in ajiye, za mu yi gini. Na biyu ya kumbura ya faɗa. Wani tsakiyarsa ta yi danƙo, wani ya tsage gida biyu. Na ƙara garin dankali, na rage ruwa, na ƙara ƙwai, na yi ta fama ina zagin yis kamar yana jina. Har wata rana na fito da guda ɗaya daga oben na tsaya ina kallonsa. Ya tashi, ya yi ja, ya yi ƙyalli. Na je kasuwa na nemo sabon gwangwanin gasa burodi daidai irin na Baba, dogo mai ƙuntataccen gindi, na koyi tsagarsa guda uku. Burina shi ne kada Ɗigo ta ga an ware ta, kada Baba kuma ya gane an sauya masa. Muka shirya da Yaya za mu ajiye nawa a tebur mu ce shi ya gasa da asuba, tunda ba zai tuna ba. Wallahi na ji daɗin kaina ranar nan, har hotonsa na ɗauka.

Ranar biki muka iso da hantsi, Baban Ɗigo yana ɗauke da tukwane, ni da burodina a naɗe cikin farin ƙyalle. Tun a matakalar bene na ji shi. Ƙamshin burodin Baba, wanda na tashi a cikinsa, wanda nake ganewa ko ido a rufe. Na tsaya cak. Ɗigo ta ce, "Umma, mene ne ke ƙamshi haka?"

Yaya ta buɗe ƙofa ido ya yi ja. Ashe tun da sassafe Baba ya sulale ya sauka wurin mai kantin ƙasa ya karɓo fulawa da yis. Kafin ta fito daga wanka har ya kwaɓa. Ta ce, "Na kasa ƙwacewa, Auta. Da kin ga fuskarsa yana murzawa."

Na tsayar da Ɗigo a waje da babanta. Na shiga kicin, ga farin gari a kan kantar girki, a hannun famfo, a murfin oben, har a ƙasa da sawun silifa a cikinsa. Na wanke, na goge, na sake wankewa. Na sa Baba ya yi wanka ya sauya riga, na yanke masa farce, na goge ƙarƙashinsu da buroshi. Yana ta dariya yana cewa ko ranar aurensa ba a yi masa haka ba. Burodinsa na naɗe a ƙyalle na tura can saman kabad. Nawa na ɗora a kan firij, na ce wa kowa kada a taɓa sai na fito. Sannan na bar Ɗigo ta shigo.

Gida ya cika. Yayanmu direba ya zo da matarsa da yaransu, ana ta hayaniya a falo. Matar Direba mutuniyar kirki ce, amma irin mutanen nan ne da hannunsu ba ya zama, dole sai sun taimaka. Ni ina kicin miya ta kama ƙasa, ina fama da ita, garin masara ya yi gudaji ina tacewa. Ina jin dariya daga falo, ina jin Baba yana cewa, "Ina amaryar? Zo nan, rowa gare ki." Ban kawo komai a raina ba, tunda na san burodi yana inda na ajiye shi.

Na fito da tukunyar miya a hannu, sai na ga Ɗigo a kan cinyar Baba tana tauna.

A kan teburin akwai burodi biyu. Dogaye, jajaye, kowanne da tsaga uku, kowanne a farantinsa. Kuma dukkansu an gutsure musu gefe.

Ban san yadda tukunyar ta isa tebur ba. Na fizgo yarinyar na buɗe bakinta da yatsa. Ta riga ta haɗiye.

"Wanne ta ci?"

Matar Direba ta ce ita dai ta ga burodi biyu a naɗe, ta ga tebur dogo ne, sai ta sa ɗaya a kowane gefe. Ta ɗauka duk ni na gasa, ai iri ɗaya ne. Direba ya ce shi ya gutsuri ɗaya bayan Baba ya ba yarinyar, amma yara sun yi ta tura farantai, bai san wanne ba ne. Na ce, "Me ka ji a bakinka?" Ya ce, "Burodi." Kamar in kwaɗa masa ludayi.

Na durƙusa gaban Ɗigo. Na koya mata kada ta ci komai sai ta tambaya, kuma ba ta taɓa saɓawa ba. Ta ce, "Na tambaya, Umma. Na ce Kaka, na Ummata ne? Ya ce eh." Baba kuwa ko ce masa ka yi sama ta faɗo, eh zai ce maka. Na ce, "Yaya kika ji shi?" Ta yi murmushi ta ce, "Da daɗi sosai." Ban taɓa jin tsoron a yabi abinci ba sai ranar.

Sai na juya kan Baba. Ina jin Baban Ɗigo yana riƙe min hannu, na fizge. Na ce, "Baba, wanne ka ba ta? Wanne? Ka tuna mana! Kashe min ita za ka yi?" Da ƙarfi na faɗa, har yaran Direba suka ɓuya bayan uwarsu. Baba ya maƙale a kujera, ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa. Ya dube ni tsuru-tsuru ya ce, "Baiwar Allah, me na yi miki?"

Na ɗauki 'yata na shige ɗakin Yaya, na ja bokiti kusa da gado. Baban Ɗigo ya kira asibiti, nas ɗin da ke aiki ta ce babu abin da za a iya yi yanzu, ba a wanke irin wannan daga ciki. Mu sa ido kawai, in amai ya fara mu taho da gudu. Bara sai da ta dawo daga makaranta ta yi wasa sannan abin ya tashi, don haka na san jiran zai yi tsawo. Na ce ya sauka ya juya mota ta fuskanci titi, ya zauna a ciki.

Ba na fatan ko maƙiyina ya yi irin jiran nan. Ɗigo ta kwanta da rigar bikinta mai aljihu a gaba, tana wasa da maɓallin rigata. In ta yi gyatsa sai in miƙe da bokiti. In ta juya sai in taɓa cikinta in ji ko ya fara tauri. Ina ta duba leɓenta ko ya fara fari. A falo babu mai cin abinci, sai ƙarar cokali jefi-jefi da kukan matar Direba ƙasa-ƙasa. Ni kuma ina ta zagin kaina. Wa ya aike ni sayen gwangwani iri ɗaya? Wa ya aike ni tsaga uku? Da na bar shi a murɗe kamar waɗanda na fara gasawa, ko makaho ya bambance su.

Can Ɗigo ta ce, "Umma, za a sake yi min allura a ƙafa?"

Na ce, "A'a."

"Kin rantse?"

Na kasa. Na ce ta rufe ido ta yi barci, ni kuma na juyar da fuskata wajen taga don kada ta ga hawayena.

Rana ta fara karkata sai na ji ana jan silifa a bakin ƙofa. Baba ne, shi kaɗai, da farantin burodi a hannu. Da alama ya manta da ihun da na yi masa, amma fuskarsa a dame take. Ya zauna a bakin gado ya ɗora farantin a cinya. Ya sa babban yatsa ya danna tsakiyar burodin, wurin ya lotsa bai taso ba.

Ya ce, "Kin ga? Duba nan." Ya murza ɗan kaɗan, ya zube kamar yashi. "Tun ina saurayi nake gasa burodi, bai taɓa yi min haka ba. Na gutsuro wa amaryata, sai ya wargaje a hannuna, ya zube mata a riga. Gaban mutane. Na ji kunya ƙwarai." Muryarsa ta karye. "Kai ya tafi, na sani, ina jin su suna faɗa. Ashe hannun ma ya tafi."

Na jawo aljihun rigar Ɗigo na leƙa. Ga shi nan a ƙasan aljihun, ɓurɓushi fari tas, mai tsakuwa-tsakuwa. Na murza a yatsa. Na san shi, ai wata guda ina share irinsa daga kan kantata. Burodin alkama ba ya yin haka, shi jan jiki yake yi in an gutsura. Na duba cinyarta, na duba wuyan rigar, duk shi ne.

Wallahi dariya da kuka suka zo min lokaci ɗaya. Na ce, "Baba, ba naka ba ne. Ni na gasa wannan. Naka yana falo, lafiyarsa ƙalau."

Ya ɗago. "Ke?"

"Ni."

Ya sake danna burodin, sai na ga kafaɗarsa ta miƙe. Ya ce, "Shi ya sa! Wa ya koya miki kwaɓi? Wannan ai ko akuya aka ba sai ta nemi ruwa." Ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba. Na ce ya yi haƙuri, zan gyara. Ɗigo ta tashi zaune tana ƙyalƙyala dariya, wai an yi wa Umma faɗa.

Na sunkuya in ajiye bokiti ƙarƙashin gado. Ina ɗagowa na ga hannun Baba yana fitowa daga aljihun rigarsa.

"Ai na sani," in ji shi. "Shi ya sa na kawo wa amaryata na gaske. Ha bakinki."

Gutsuren burodi ne mai laushi, mai ramuka a ciki, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Hannun ya riga ya yi rabin hanya. Ɗigo kuwa tana cikin dariya, bakinta a buɗe, ta manta da tambayar da na koya mata. Kakanta ne, ɗazu ma ya ba ta kuma an ce babu komai.

Na ji ihu ya taso min har maƙogwaro. Hannuna ya ɗaga zai doke nasa. Sai na tuna yadda ya kare fuskarsa a falo. Ban tsaya tunani ba, na zube a kan gwiwa tsakaninsu, na tura Ɗigo baya da gwiwar hannu, na kai bakina. Yatsunsa suka taɓa leɓena.

Na ce da baki cike, "Baba, ni ce auta. Nawa ne."

Ya tsaya yana kallona, hannunsa a sama. Ina tauna, ina jin ɗanɗanon da rabona da shi tun ranar da likita ta yi mana magana, don na hana kaina duk abin da aka hana 'yata. Gishirinsa daidai, ɓawonsa yana ƙaras-ƙaras, babu abin da ya sauya. Sai Baba ya sa tafin hannu ya share min kumatu kamar yadda yake yi min ina ƙarama.

Ya ce, "Autata. Yaushe kika zo? Ba wanda ya gaya min."

Na ce, "Yanzu na zo, Baba."

Yaya ta shigo ta same mu a haka. Na yi mata ido, ta lallaɓa shi ta fita da shi, ta zazzage aljihunsa a kwandon shara. Ɗigo ba ta yi amai ba ranar. Kafin rana ta faɗi har ta cinye cinyar kaza ta nemi ƙari, babanta ya hauro daga mota yana ta hamdala.

Amma wannan daga baya ne. A lokacin, da ƙofa ta rufe, Ɗigo ta miƙo hannu biyu za ta rungume ni, don ta ga ina kuka. Na ja da baya da sauri har na buge kabad. Na ce, "Tsaya nan, kada ki taɓa ni." Ta yi sororo a tsakiyar gado. Na shiga banɗaki na wanke hannu da sabulu, na wanke kumatun da Baba ya shafa, na kurkure bakina na sake kurkurewa, har sai da ɗanɗanon ya tafi gaba ɗaya. Sannan na fito na ɗauke ta.